Ta Gona da Ta Tudu

Sabuwa Yahuza ta shekara tara tana koyar da ilimin tsirrai a wata kwalejin aikin gona a Zariya kafin ta sami gurbin digiri na uku a Paris. Ƙuduji ta zo da niyyar bincika, ciyawar nan da ke shanye dawa da gero tun daga saiwa. Da ta iso sai ta tarar malamin da zai duba mata aikin ya koma wata ƙasa, wadda ta gaje shi kuwa ba ta taɓa ganin ƙuduji ba sai a hoto. Farfesar ta turo mata 'yan ambulan huɗu a kan tebur, ta ce ga aikinta nan: miyozotis.

Wata 'yar ciyawar daji ce mai shuɗin fure, furen da bai kai ƙwayar dawa ba. Iri biyu aka ba ta, 'yan uwan juna na kusa. Ɗaya Faransawa na ce mata ta gona, ɗayar kuma ta tudu, kowacce an tsinto irinta a Paris, an kuma tsinto a Lyon. Abin da ake so Sabuwa ta gano shi ne wacce ta fi jure ƙishi, kuma ko garin da iri ya fito yana da tasiri.

Abin haushin, kafin su nuna ba mai iya rantsuwa cewa wannan ce wance. Ganye ɗaya, gashin jiki ɗaya, shuɗin ma ɗaya. Littafi ya ce furen ta gona ya ɗan fi girma, amma da zarar ta gona ta sha wuya sai furenta ya ƙanƙance ya koma kamar na 'yar uwarta. Sai fure ya kaɗe sun ɗaure iri sannan ake rarrabe su da tabbas. Don haka duk aikin Sabuwa ya dogara ne ga wasu 'yan sandunan roba masu lamba da ta soke a kowace tukunya. Tukwane casa'in da shida ta shuka a watan Oktoba, ta yi ta renonsu tsawon hunturu a ɗakin gilashin jami'a, tana auna musu ruwa da sirinji.

A tsakiyar Afrilu aka yi ruwan ƙanƙara, ya farfasa rufin ɗakin gilashin. Aka ce kowa ya kwashe shukarsa na mako uku kafin a gyara. Sabuwa ba ta da inda za ta kai nata sai gidan da take zaune, hawa na shida a wani dogon bene a Saint-Denis, inda akwai baranda mai rufi.

Gidan na Hajiya Rékia ne, 'yar Maraɗi, mai shagon shadda da leshi a Goutte d'Or. Shekararta ashirin da shida a Faransa. 'Ya'yanta sun girma sun kama gabansu, shi ya sa ta ba Sabuwa ɗaki. Mace ce mai kirki, amma ba ta iya ganin abu a karkace ta wuce. Tana tsaye riƙe da ƙugu lokacin da Sabuwa ta shigo da farantin tukwane na huɗu tana haki.

"Ke ɗiyata, wai mi ne wannan? Ana miya da shi?"

"Ba a yi, Hajiya."

"Magani ne?"

"Ba magani ba ne."

"To awaki na ci?"

"Ban taɓa gwada musu ba."

"Mi sunanshi?"

"Miyozotis. An ce ma'anarsa kunnen ɓera, saboda siffar ganyen."

Hajiya ta tafa hannu. "Kunnen kusu! Kin baro Zariya, kin hau jirgi, don kunnen kusu."

Sabuwa ta jera farantan a baranda, ta kira Hajiya ta nuna mata dalla-dalla. Masu shuɗiyar sanda suna shan ruwa isasshe. Masu jar sanda kuwa kaɗan ake ba su, kuma da gangan ne. Za ta ga sun yi yaushi, kada abin ya dame ta. Don Allah, don Annabi, kada ta ba su ruwa.

"Da gangan?"

"Da gangan."

"Allah shi shirye ku, 'yan lakwal masu karatun boko," in ji Hajiya, ta koma kicin.

Kwana goma lafiya lau. Ranar Laraba ta sha ɗaya Sabuwa ta wuni a jami'a wajen taron ɗalibai, Hajiya kuma ta bar shago a hannun mai taya ta, ta zauna gida don ƙafarta na ciwo. Bayan la'asar Sabuwa ta dawo. Tun daga bakin ƙofa ta ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ta nufi baranda da sauri.

Babu faranti ko ɗaya a baranda. A maimakonsu akwai dogayen tukwane uku sababbi ful, irin waɗanda ake ratayawa a jikin ƙarfen baranda, cike da baƙar ƙasa mai taki. Ciyayin duka casa'in da shida suna ciki a jere, sun sha ruwa har yana ɗiga ƙasa. An tsara su da kyau, dogaye a baya, gajeru a gaba.

"Wala!" in ji Hajiya daga bayanta, tana nuna baranda. "Yanzu balko ya yi kama da na mutane. Ga 'yan cokulanki kuma, na wanke miki su."

Ta miƙo mata sandunan lamba, ja da shuɗi, a wanke tas, an ɗaure su da roba.

Sabuwa ta karɓa, ta zauna a ƙasa daɓas ko jakarta ba ta sauke ba. Ta dubi sandunan. Rubutun da ta yi da alƙalamin da aka ce ruwa ba ya goge shi, Hajiya ta sa soso ta goge rabinsa.

"Hajiya, me na ce miki?"

"Kin ce kar in ba su ruwa cikin tukwanenki. Ban ba su cikin naki ba. Cikin nawa na ba su."

"Iri biyu ne, Hajiya. Daga gari biyu."

"Haba, duk ɗaya ne. Na duba su da kyau kafin in haɗa."

Da ƙanwarta ce, da unguwar duka ta ji muryarta. Amma wannan sa'ar uwarta ce, kuma a gidanta take kwana. Sabuwa ta tashi, ta shiga ɗakinta, ta rufe ƙofa a hankali ƙwarai.

Washegari Farfesa ta saurari labarin har ƙarshe, ta cire tabarau ta murza idonta. Ta ce ko an jira sun ɗaure iri an ware ta gona da ta tudu, ba wanda zai san wacce ce ta Paris, wacce ce ta Lyon, kuma batun ƙishi ai ya riga ya ɓaci. Sai dai a sake shuka a Oktoba. Irin da ke hannu ya ƙare, dole a tsinto sabo, kuma ta tudu ba ta jiran kowa, kafin ƙarshen Mayu ta bushe ta zubar. Na Paris Sabuwa na iya tsinta a gefen tsohuwar hanyar jirgin ƙasa. Na Lyon sai ta je da kanta.

Shekara guda ke nan ta ƙaru a kan zamanta. A cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa na komawa gida ta yi ta tunanin yadda za ta faɗa wa Humaira, 'yarta mai shekara bakwai da ta baro wajen kakarta, wadda ta riga ta haddace watan da aka ce uwarta za ta dawo.

Mako uku gaisuwa kawai ke haɗa ta da Hajiya. Hajiya ba ta ce a yi haƙuri ba, amma kullum Sabuwa za ta tarar da kwano a rufe a ƙofar ɗakinta, yau dambu, gobe kwaɗon zogale. Tana ci, don yunwa ba ta san fushi ba, amma ba ta leƙa baranda. Ta gilashi take hango ciyayin, sun yi ɓul-ɓul, sun cika da fure fiye da yadda suka taɓa yi a hannunta, abin da ya ƙara mata takaici.

Ranar Asabar ɗin tafiya Lyon ta fito da jakarta da sassafe, sai ga Hajiya a falo cikin shadda ruwan toka mai ƙyalli, da kular abinci, da tikiti a hannu.

"Ina da 'yar uwa can Lyon, na daɗe ban gan ta ba. Mu tahi."

"Hajiya, daji fa za ni."

"Ni a birni anka haihe ni?"

Awa biyu ce tafiyar, Hajiya ta cinye ta a waya. Ta kira wata ƙawarta a Maraɗi ta shaida mata, da muryar da ta kai ƙarshen tarago, cewa suna kan hanyar Lyon tsintar irin kunnen kusu, wai karatu ne, wai in an gama har dokta ake kiran mutum. Sabuwa ta juya fuska ga taga tana kallon gonaki na wucewa, tana istigfari a zuci.

A tashar Lyon Dokta Ezekiel na jiransu da 'yar motarsa. Ɗan Kafanchan ne, ya gama nasa karatun shekaru biyar da suka wuce, ya sami aiki a ma'ajiyar busassun tsirrai a garin, kuma shi ya tsinto irin farko. Ya durƙusa ya gaida Hajiya, ya kira ta Mama, nan take suka saba. Kafin su fita gari ta ba shi labarin baranda yadda ita ta gan shi. Ya yi dariya har ya kusa tsallake jar wuta, sai da ya hango fuskar Sabuwa a madubi sannan ya mai da dariyar tari.

"Ina za mu sauke ki, Hajiya?" in ji Sabuwa. "Wace unguwa 'yar uwar taki take?"

"Au. Yanzu na tuna, ta koma Marseille tun bara. Mu tahi dajin."

Wurin wani tudu ne mai tsakuwa a arewa da gari, ciyawarsa gajera, rana ta riga ta fara ƙona ta. A saman tudun ta tudu ce ta fi yawa, a gindinsa gefen wata gonar alkama ta gona ce, a tsakiya kuwa sun cakuɗe. Yawancinsu fure ya kaɗe, sai ɗan shuɗi a can ƙarshen reshe. Ezekiel mutum ne da ba ya iya ganin sabon kunne ya ƙyale. Ya tsinko rassa biyu, ya ɗora a tafin hannunsa, ya miƙa wa Hajiya gilashin ƙara girma.

"Mama, duba nan. Kin ga wannan ɗan ƙoƙon? Shi ke riƙe da iri. A ta gona bakinsa a tsuke yake, kuma siririn wuyan da ke ɗauke da shi dogo ne, ya kusa ninka ƙoƙon. A ta tudu wuyan gajere ne, bakin kuma a buɗe. In kika murza za ki ga irin ta gona baƙi, na ta tudu ruwan ƙasa mai haske."

Hajiya ta ture gilashin, ta kawo hannun nasa kusa da idonta. "Bon. Mai dogon wuya ta kame bakinta, mai gajeren wuya ta saki baki. Shi ke nan? Wannan ne karatun shekara uku?"

"Kusan shi ke nan, Mama," in ji Ezekiel cikin fara'a.

Sabuwa ta ji kamar ta jefe shi da tsakuwa. Ta fito da ambulan sittin, talatin na kowane iri, kowace ciyawa da nata ambulan. Hajiya ta miƙo hannu a ba ta nata kason.

"A'a, Hajiya. Don Allah ki zauna ki huta. Kada ki sa hannu a komai."

Hajiya ta shimfiɗa mayafi a kan tsakuwa ta zauna, amma ba can inuwa ba, dab da Sabuwa. Duk inda Sabuwa ta matsa sai ta ja mayafin ta bi ta. Ezekiel ya gangara gefen gona yana tsintar ta gona, Sabuwa ta kama ta tudu a tsakiyar gangaren. Aiki ne na durƙuso. A duba, a murza, a zuba, a rubuta lamba. Rana ta take, gwiwoyinta suka yi tsami, gumi na shiga mata ido. Wajen ambulan na ashirin da biyu ta kama wata 'yar ƙanƙanuwa da ba ta kai tsawon yatsa ba, ta murza ta a ciki, ta ɗauki biro.

"Waccan ba ta tudu ba ce," in ji Hajiya.

Sabuwa ta fara rubuta lamba.

"Na ce ba ita ba ce. Yunwa ce ta hana ta girma. Dubi wuyanta."

"Hajiya, wata bakwai ina kallon ciyawar nan."

"To ki ƙara da yau."

Ezekiel ya ji muryoyi ya hauro. Ya zazzage ambulan ɗin a tafin hannu, ya sa gilashi. Irin baƙi ne wuluk. Ya yi gyaran murya, ya ce ai wannan kuskure ne da kowa ke yi, shi kansa ya sha yi, ta gona in ta tashi a kan tsakuwa haka take rikiɗa.

"Har da na sha huɗu, da na sha tara," in ji Hajiya.

Aka buɗe su. Duka biyun baƙin iri ne.

Sabuwa ta juyo gaba ɗaya. "Kin gani tun ɗazu, kika yi shiru?"

"Ke kika ce kar in sa hannu a komai."

Nan abin da ta danne mako uku ya ƙwace mata. Ta miƙe tsaye. Ta ce yau ne Hajiya ta san a bi umarni? Ranar da aka roƙe ta da Allah da Annabi fa? Ta ce ita ba ta zaɓi ciyawar nan ba, ba ta son ta, ba ta ga abin da za ta tsinana wa manomin Giwa ko na Soba ba, amma aikin da aka ba ta ke nan, ta yi shi da gaskiya, cikin sanyin da ke fasa mata leɓe, da sirinji, kullum, har ranar Idi. Ta ce shekara guda aka ɗauke mata don baranda ta yi kyau. Ta ce a cikin jirgi ma sai da aka mai da ta abin dariya har Maraɗi.

Ezekiel ya sami wata ciyawa can nesa da ke bukatar a duba ta da gaggawa.

Hajiya ba ta katse ta ba. Da Sabuwa ta yi shiru, sai ta gyara zaman ɗankwalinta, ta dubi tsakuwar da ke gabanta.

"Ba don balko ba ne. Na ɓata miki aiki, na sani tun ranar. Ina 'yar budurwa anka yi fari garinmu. Na ga hatsin babana ya kai gwiwa ya tsaya, ya naɗe ganye, muna kallo ba abin da munka iya. Kwana goma ina wuce masu jar sandan nan naki suna naɗe ganye haka, ga famfo nan taku biyar. Ranar da na wuni gida ban iya ba. Ki yi hanƙuri, ɗiyata."

Sabuwa ta tsaya da ambulan a hannu. Fushin bai tafi duka ba, amma ya rasa inda zai dafa. Ta koma ta durƙusa, ta ƙirga ambulan sha ɗaya da suka rage, ta raba biyu, ta miƙa wa Hajiya shida da biro.

Hajiya ba ta kuskure ko ɗaya ba, kuma ta riga Sabuwa gamawa. Sai dai lambobinta irin na makarantar Faransa ne, ɗayanta da doguwar ƙugiya kamar bakwai, bakwai ɗinta da sanda a ciki, sai da Sabuwa ta bi duka ta sake rubutawa. Suka yi azahar a kan tudun, sannan aka buɗe kula. Ezekiel ya ci shinkafa da miyar taushe har ya ƙara, yana cewa tun Kirsimeti bai ci abinci irin wannan ba.

A jirgin komawa Hajiya ta dubi gefen shaddarta ta yi salati. 'Yan ƙoƙunan irin suna da gashi mai ƙugiya, sun manne mata tun daga gwiwa har ƙasa, ɗaruruwa. Ta ce wannan shadda ba a sa mata buroshi, sai dai a cire da hannu ɗaya bayan ɗaya. Sabuwa ta sunkuya tana taya ta har suka wuce rabin hanya, Hajiya na faɗin sunan kowanne kafin ta jefa a kofin takarda.

A Oktoba Sabuwa ta sake shuka, a ɗakin gilashin da aka gyara, ta rubuta lamba a sanda, ta kuma rubuta a gindin kowace tukunya. Hunturu ya zo ya wuce, ta yi ta auna ruwa. A ƙarshen Mayu na shekarar da ta biyo ta gama lissafinta. Ta tudu ta fi ta gona jure ƙishi nesa ba kusa ba. Tsakanin irin Paris da na Lyon kuwa ba ta sami wani bambancin kirki ba. Farfesa ta ce sakamako ne mai tsabta, ta yi mata barka.

Ta dawo gida da yamma ta tarar da Hajiya a falo tana ninke leshi, ta faɗa mata.

Hajiya ta dakata da ninkin. "Wato wadda ke zaune bisa tsakuwa, cikin rana, ita ta hi jure ƙishi?"

"Ita ce."

"Wadda ke gefen gona, cikin ƙasa mai laushi, ba ta kai ta ba?"

"Ba ta kai ta ba."

"Ikon Allah. Shekara biyu." Ta girgiza kai, ta ɗauki wani leshin. "Kama mini bakin nan, ɗiyata, mu ninke."

Sabuwa ta ajiye jakarta a kan kujera, ta kama bakin leshin, ta ja da baya har ya miƙe.